Gidan haya da kuɗin banki: waye yake yi wa wani aiki?

Akwai wata magana da nake yawan ji a bakin masu sha'awar harkar gidajen haya, wai "ai ɗan haya ne zai biya min bashin". Mutum zai zauna ya tsara maka yadda zai karɓi rance ya sayi gida, ya zuba 'yan haya, abun da suka biya ya miƙa wa banki, bayan shekara 25 gida ya zama nasa bai ƙara ko sisi ba a kan kuɗin da ya fara zubawa. Maganar da daɗin ji kam, kuma ba ƙarya ba ce gaba ɗaya, akwai waɗanda suka bi ta nan suka fita lafiya. Amma shekara 25 ɗin nan wata 300 ne fa, kuma a kowane ɗaya daga cikinsu banki yana son kuɗinsa ranar da aka yanka, shi kuwa ɗan haya bai maka alƙawarin wata 300 ba, rufin gidan ma bai maka ba.

Bari mu ɗau gida ɗaya mu bi shi a hankali. Ba zan kira sunan kowane irin kuɗi ba, mu ce kuɗin gidan 1,000 ne, kai ka ƙara masa sifili yadda ya dace da inda kake. Haya a shekara 90, wato 7.5 a wata. Dillali zai ce maka kashi 9 cikin ɗari kenan, cikin shekara 11 ka mayar da kuɗinka, kuma da wannan 9 ɗin mafi yawan mutane suke tafiya gida suna murmushi. To 90 ɗin nan lamba ce kawai da ke jikin takardar yarjejeniya, ba ita ke shiga aljihu ba. Cire wata ɗaya da gidan zai zauna ba kowa tsakanin fitar wannan da shigar wancan, saura 82.5. Cire harajin gida, inshora, ladan wanda ke kula da gidan idan ba kai ke yi da kanka ba, gyaran famfo da wayar wuta da fenti, da kuma abun da ya kamata ka ware saboda manyan gyare-gyare, mu ce duka sun tashi 27.5. Saura 55. Ainihin abun da gidan ke haifarwa kenan kafin a zo maganar bashi, kashi 5.5, kuma da shi ake duk wani lissafi na gaskiya.

Wancan "abun da ya kamata ka ware" shi ne wanda kusan kowa ke tsallakewa, ni ma na tsallake shi a gidana na farko. Shekara biyu ina ganin rara ina jin ni gwani ne, har nake ba wasu shawara. Wata rana da daddare ɗan hayata ya kira ni, mutum mai kawaici wanda bai taɓa damuna ba, ya ce "maigida ka yi haƙuri na kira a wannan lokacin, amma da za ka samu dama ka zo ka ga silin ɗin ɗakin yara". Na je washegari, ga wani zagayayyen tabo ruwan ƙasa a kusurwa kamar an zana taswira, silin ya kumbura ya yi ciki, an kawar da gadon yaran an sa bokiti a wurin. Na ɗauka ɗan faci ne, da mai gyara ya hau ya sauko yana karkaɗe hannu sai ya ce katakon ciki duk ya ruɓe, yoyon ya daɗe yana yi. Abun da na kashe ya cinye rarar shekara biyun har na ƙara daga albashina. A lokacin cewa na yi tsautsayi ne, daga baya na gane ba wani tsautsayi, rufi yana da shekarunsa. Idan sabon rufi zai ci 60 kuma zai yi shekara 20, to kullum shekara yana cin 3, ko ka ware ko ba ka ware ba yana ci, kawai dai ba ya turo maka takardar biya sai ya tara. Abun da nake kira riba a shekara biyun nan rabinsa kuɗin rufi ne nake ci ban sani ba.

Yanzu shigo da banki. Ka zuba 250 naka, banki ya ba ka 750 a kan ruwa kashi 4, biya cikin shekara 25. Abun da za ka riƙa biya a shekara ya kama 47.5. Daga 55 ka cire 47.5, saura 7.5 a hannunka, duk shekara guda fa, daidai da hayar wata ɗaya tal. A cikin 47.5 ɗin kusan 30 kuɗin ruwa ne, kusan 18 kuma yana rage uwar bashin, wannan 18 ɗin naka ne a lissafi tunda kasonka a gidan yana ƙaruwa, amma ba za ka iya biyan mai gyaran famfo da shi ba, yana binne a cikin bango sai ranar da ka sayar. Shi ya sa za ka ga mutum a takarda yana da arziki amma ƙarshen wata yana neman wanda zai ranta masa.

Lissafin da na fi so, don yana da sauƙi kuma ba ya ƙarya: haɗa duk abun da dole sai ya fita a shekara, 27.5 da 47.5 sun zama 75, raba da hayar wata 7.5, ya ba ka wata 10. Ma'ana wata goma na farko gidan banki da gwamnati da masu gyara yake wa aiki, na sha ɗaya ne naka, na sha biyu kuma dama mun ce ba kowa a ciki. Gidan ya wuce wata biyu a rufe, ka fara ciyar da shi daga aljihunka. Da a ce 500 ka ranta maimakon 750, biyan shekara zai sauko wajen 31.7, sai ya zama wata takwas sun isa su rufe komai, ka ga kana iya jure wata huɗu ba ɗan haya ba tare da ka taɓa albashinka ba. Gida ɗaya ne, unguwa ɗaya, haya ɗaya, abun da ya bambanta kawai shi ne tsawon numfashin mai gidan. Kuma wanda ke da gida ɗaya mai ɗan haya ɗaya ya fi kowa buƙatar dogon numfashi, don shi ko haya ta shigo duka ko kar ta shigo sam, saɓanin mai gida mai sassa huɗu da in ɗaya ya fita kwata kawai ya rasa.

Wannan ma shi ya sa nake mamakin masu gaggawar ƙara wa ɗan haya na kirki kuɗi. Ƙarin kashi 5 a kan 90 shi ne 4.5 a shekara, idan ya ji haushi ya tashi wata ɗaya kawai na rufe gida ya ci 7.5, ban da fenti, ban da ladan dillali, ban da cewa ba ka san halin wanda zai shigo ba. Ba na ce kar a ƙara ba, kayan gyara ma tsada suke yi, amma a taɓa kalkuleta tukuna.

To yaushe ne bashi yake taimako, yaushe yake zama kaya? Ka kwatanta lambobi biyu, abun da gida ke haifarwa bayan an cire komai, da abun da kuɗin banki ke ci. Gidanmu yana haifar 5.5. Idan kana karɓar kuɗi a kan 4, kowane 100 da ka ranta yana kawo 5.5 yana cin 4, ragowar 1.5 naka ne a kan kuɗin da ba naka ba, a nan bashi yaronka ne yana maka aiki. Idan ruwan ya koma 7, kowane 100 da ka ranta yana kawo 5.5 yana cin 7, kai ne kake wa banki aiki, kuma duk yadda ka ƙara yawan rancen haka ramin ke ƙara zurfi. A kan 7 ɗin nan biyan 750 a shekara yana komawa 63.6, gida na ba ka 55, kullum shekara sai ka cika 8.6 daga wani wuri. Wanda ya saya da tsabar kuɗinsa ba bashi yana nan yana karɓar 55 ɗinsa, ko a jikinsa. A ƙasashen da hauhawar farashi ta yi yawa har ruwan banki ya haura kashi 20, ai maganar ma ba ta tasowa, ba wani gidan haya na halal da zai haifi abun da zai rufe wannan, sai dai mutum ya tara a hankali ko ya nemi abokin tarayya.

Masu kare bashi za su ce ai ka manta da tashin farashi, kuma gaskiyarsu, nan ne bashi ke nuna ƙarfinsa. Gida ya tashi daga 1,000 zuwa 1,200, bashi na nan 750, kasonka ya tashi daga 250 zuwa 450, kashi 80 kenan alhali gidan kashi 20 kawai ya ƙaru. Amma juya shi, gida ya sauko 800, kasonka ya koma 50, kashi 80 na jarinka ya tafi kuma banki bai yafe maka ko ɗaya ba. Mutanen Amurka sun ga wannan da idonsu, daga 2006 zuwa 2012 farashin gidaje a faɗin ƙasar ya faɗi da fiye da kwata, a birnin Las Vegas ma ya faɗi da fiye da rabi, miliyoyin gidaje bankuna suka ƙwace. Abun lura a nan, faɗuwar farashi ita kaɗai ba ta ƙwace gida daga hannun kowa. Wanda hayarsa ke rufe biyan wata ya zauna abunsa ya jira, farashi ya dawo ya same shi. Wanda aka yi gwanjon gidansa shi ne wanda dama can kullum wata sai ya cika daga aljihu yana jiran farashi ya tashi ya sayar, da aiki ya tsaya ko ruwa ya hau sai numfashi ya ƙare. Su wa suka kwashe gidajen a araha? Masu tsabar kuɗi. Daga 2012 kamfanin zuba jari na Blackstone ya shiga sayen dubban gidajen nan yana mayar da su na haya ƙarƙashin wani kamfaninsa mai suna Invitation Homes, gidajen da wasu suka kasa riƙewa na 'yan shekaru kaɗan.

Sai irin ruwan da ka sa hannu a kai, wanda ni a ganina ya fi yawan ruwan kansa muhimmanci, amma mutane sun fi tsayawa ciniki a kan rabin ɗigo su manta su tambayi tsawon lokacin da aka ƙulle shi. A Amurka akwai rancen gida na shekara 30 da ruwansa ba ya motsi daga farko har ƙarshe, a watan Janairun 2021 matsakaicinsa ya sauko har 2.65, zuwa Oktoban 2023 ya kai 7.79 bayan babban bankin ƙasar ya yi ta ɗaga ruwa tun Maris 2022. Wanda ya ƙulle a 2021 bai ji komai ba, hasali ma hauhawar farashi aiki ta yi masa, haya tana hawa biyansa yana tsaye wuri ɗaya, bashin yana ƙanƙancewa da kansa. A Birtaniya kuwa ba haka tsarin yake ba, galibi shekara biyu ko biyar ake ƙullewa sai a sake sabon ciniki. Ruwan Babban Bankin Ingila ya tashi daga kashi 0.1 a ƙarshen 2021 zuwa 5.25 a Agustan 2023, sai ya zama mai gidan hayar da ya ƙulle shekara biyu lokacin araha ya farka ya tarar biyansa ya ninka ko ya fi, gida bai canza ba, ɗan haya bai canza ba, wa'adin takarda ne kawai ya cika a mugun lokaci. Shi ya sa idan aka ba ni zaɓi tsakanin ruwa mai ɗan tsada da aka ƙulle na dogon lokaci da mai araha da ke hawa da sauka, na farkon nake ɗauka, bambancin nake ɗauka kamar kuɗin inshora ne na biya don in yi barci. Sai dai a karanta sharaɗin fita, don irin wannan rancen sau da yawa akwai tara idan ka ce za ka biya duka kafin lokaci.

Abun da ya ƙara wa masu gidajen haya na Birtaniya zafi shi ne da yawansu rancensu na biyan ruwa zalla ne, ba a taɓa uwar sai ƙarshen wa'adi. A gidanmu wannan yana nufin 30 kawai za ka biya a shekara a kan ruwa 4, saura 25 a hannunka, kashi 10 a kan 250 da ka zuba, wa zai ƙi? Amma ruwa ya koma 7 biyan ya zama 52.5, tashin kashi 75 a lokaci guda, saura 2.5, kuma bayan duk shekarun 750 ɗin tana nan cif tana jiranka. Bankunan can sun san haka, shi ya sa galibi suke neman haya ta kai aƙalla kashi 125 na kuɗin ruwa, kuma tun 2017 hukumar da ke sa musu ido ta ce su gwada lissafin gajeren ƙulli da ruwan da bai gaza 5.5 ba ko da a lokacin ruwan bai kai haka ba. Wannan gwajin kowa zai iya yi wa kansa a ko'ina yake, ɗauki ruwan da aka ba ka ka ɗora masa 2 ko 3 ka sake lissafi, idan gidan ya nutse to ka san a bakin gaɓa kake tsaye. Kuma don banki ya yarda zai ba ka 750 ba yana nufin 750 ya dace da kai ba, shi kansa yake karewa, yana riƙe da takardun gida da 250 ɗinka a matsayin katanga, in abu ya lalace kai za ka fara ƙonewa kafin wuta ta iso gare shi.

Tsawon wa'adi ma akwai ruɗani a cikinsa. 750 a kan ruwa 4 cikin shekara 15, jimillar ruwan da za ka biya wajen 249 ne, cikin shekara 25 kuwa wajen 438. Duk mai ƙin bashi zai ce a ba ni 15 in huta. Amma biyan shekara na 15 ɗin 66.6 ne, gida kuma 55 yake bayarwa, ka ga tun ranar farko ka ɗaure kanka da cikon 11.6 duk shekara na tsawon shekara 15, ko kana da aiki ko babu. Idan yarjejeniya ta ba da damar ƙara biya ba tara, gara ka ɗau dogon wa'adi ka riƙa ƙarawa da kanka a shekarar da ta yi kyau, shekarar da ta yi tsanani ka koma kan ƙaramin biya ba wanda zai kira ka. Matsalar kawai sai mai iya riƙe kansa, don da yawa "zan riƙa ƙarawa" a baki take tsayawa.

Wani tarkon kuma, rance da kuɗin wata ƙasa alhali haya da kuɗin gida ake biyanka. Dubban ɗaruruwan iyalai a Polan da Hungari sun karɓi rancen gida da faran na Suwizalan saboda ruwansa ya fi araha nesa ba kusa ba. Ranar 15 ga Janairun 2015 babban bankin Suwizalan ya janye iyakar faran 1.20 a kan kowane yuro da ya daɗe yana hana faran tashi da ita, cikin yini ɗaya faran ya yi tsalle, mutanen Polan da ke da irin wannan bashi suka wayi gari abun da ake binsu da kuɗinsu na gida ya kumbura, wasu har ya fi abun da suka karɓa tun farko bayan sun yi shekaru suna biya. Da kuɗin da haya ke shigowa, da shi ake cin bashi, ni ban ga wata dabara da ta wuce wannan ba.

Na san da yawa daga masu karanta wannan ba sa taɓa rance mai ruwa saboda addini, to lissafin bai bar su a baya ba. A murabaha banki ne ke sayen gidan ya sayar maka da ribar da aka yanka tun farko ka riƙa biya kashi kashi, kyawunta ka san jimillar abun da ke kanka ba ya canzawa. A musharaka mai raguwa kuwa ku biyu kuke da gidan, kana biyan hayar kason banki kana kuma sayen kason a hankali har ya ƙare, sai dai a wurare da yawa ana sake duba wannan hayar lokaci lokaci kuma tana bin yadda kasuwar kuɗi take tafiya, don haka ita ma tana iya hawa. Hukuncin kowanne a shari'a na malamai ne, amma ta fuskar aljihu tambayar ɗaya ce, nawa ne dole ya fita duk wata, zai iya canzawa, kuma 55 ɗin gidan ta rufe shi da rara ko ba ta rufe ba. Haka wanda ya haɗa jari da ɗan'uwa ko aboki, shi ya tsira daga biyan wata na dole, wanda ba ƙaramin sauƙi ba ne, amma a rubuta tun farko wa zai kawo kuɗi ranar da rufi ya ruɓe, da yadda za a yi idan ɗaya yana son fita ɗaya ba ya so, yawancin rigimar tarayya daga nan take tashi.

Inda na fi ganin masu wayo suna faɗawa shi ne bayan sun yi nasara a gidan farko. Shekara biyar ta wuce, gida ya tashi zuwa 1,300, bashi ya sauko wajen 653, sai wani ya ce maka kuɗinka na kwance a bango ba ya aiki, je ka sabunta rancen ka zaro shi. Banki ya yarda da kashi 75 na sabon farashi, 975 kenan, a biya tsohon bashi ka fito da wajen 320 a hannu ka je ka yi kafin alƙalamin gida na biyu. Daɗi kamar me. Amma sabon rancen a kan ruwa 6 biyansa ya haura 75 a shekara, shi kuwa gidan ko da haya ta ƙaru ya koma bayar da 65, ka ga gidan da yake ciyar da kansa jiya yau ya koma neman ciko, ga na biyu shi ma ɗauke da nasa bashin. Farashi ne ya tashi da kashi 30, haya ba ta tashi haka ba, kuma da haya ake biyan banki. In kuma aka yi rashin sa'a banki ɗaya ya haɗa gidajen biyu a jingina ɗaya, matsalar ɗaya tana iya jan ɗayan su tafi tare. Ba na cewa haramun ne a zaro, da yawan masu gidaje goma ta nan suka bi, amma in za ka zaro ka tsaya a inda tsohon gidan zai ci gaba da ɗaukar nauyin kansa da rara, ko da abun da za ka samu bai kai yadda banki ya yarda ba.

Haraji kuma kowace ƙasa da nata, kuma yana canzawa ba tare da an nemi shawararka ba. A Amurka doka ta ba mai gidan haya damar cire tsufan ginin daga ribar da za a yi wa haraji, a rarrabe cikin shekara 27.5, wanda ke sa wani ya samu kuɗi a hannu amma a takardar haraji ribarsa kaɗan ce. A Birtaniya akasin haka aka yi, tsakanin 2017 da 2020 aka bi a hankali aka janye wa ɗaiɗaikun masu gidajen haya damar cire kuɗin ruwa daga ribarsu, aka maye da rangwamen kashi 20 na ruwan. Gwada shi a gidanmu mai biyan ruwa zalla a kan 7, ainihin abun da ya saura 2.5 ne, amma wanda ke matakin harajin kashi 40 za a lissafa masa 22 a kan 55, a rage masa 10.5, ya biya 11.5. Harajin 11.5 a kan ribar 2.5, daga aljihu kenan. Wanda bashinsa kaɗan ne dokar ba ta yi masa wani illa sosai ba, mai bashi har wuya shi ta kayar.

Duk wannan yana dawo da mu kan kuɗin ajiya, abun da ba wanda ke son magana a kai don ba ya burgewa. Ni ƙa'idata wata shida na duk abun da dole ya fita, a gidanmu wajen 40 kenan, a asusu daban wanda ba shi da kati a aljihuna. Wani zai ce zan tara daga rara, to rarar 7.5 ce a shekara, sai ka yi fiye da shekara biyar kafin ka tara 40, kuma waɗannan shekarun farko su ne mafi haɗari don bashi bai ragu ba. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuɗin nan ranar saye ake ware shi, tare da kuɗin lauya da na rajista da ladan dillali waɗanda su ma ba sa cikin 1,000 ɗin. Wanda 250 ne duk abun da ya mallaka a duniya bai isa sayen gidan 1,000 ba tukuna, ko banki ya ce ya isa. Kuma wata shida ba yawa ba ne, lokacin korona a Amurka hukuma ta hana korar 'yan haya daga Satumban 2020 har sai da kotun ƙoli ta dakatar da umarnin a Agustan 2021, kusan shekara guda wasu masu gidaje ba haya kuma ba damar sa wani, ko a lokacin lafiya ma fitar da wanda ya daina biya ta hanyar kotu yana cin watanni a ƙasashe da yawa.

Sai tambayar da ake yawan yi min, idan 40 ɗin nan tana zaune a asusu ba ta haifar komai, ba gara in zuba ta a bashin in rage ruwa ba? A kan ruwa 4 abun da za ka tsira da shi 1.6 ne a shekara, kuma a yawancin rance biyan wata ba ya sauka don ka ƙara, wa'adin ne kawai ke gajarta daga can ƙarshe, wato ka sayi sauƙin shekara ta 24 da kuɗin da zai cece ka a shekara ta 2. Kuɗin da ya shiga bashi kuma ba ya dawowa da sauƙi, sai ka sake cike takardu ka roƙa, a lokacin da gidan ke rufe ko aikinka ya tsaya, daidai lokacin da banki ba ya son ganin fuskarka. Wasu suna dogara da cewa ai banki ya buɗe musu layin rance a kan gidan, duk sanda suka buƙata za su ja, to a 2008 bankuna da dama a Amurka wasiƙa kawai suka aika wa masu irin wannan layin cewa an rufe ko an rage, saboda darajar gidajen ta sauka. Idan ruwan da ke kanka 7 ne ko ya fi, kuma ajiyar wata shida ta cika, rufi da wayoyin wuta da famfo duk an duba su kwanan nan, to abun da ya hau kai a zuba a bashin ba laifi, ni ma haka nake yi yanzu, amma sai na kira mai gyara ya hau sama ya sauko ya faɗa min shekara nawa ya rage wa katakon kafin in tura.